Ranar da Na Isa Karaye Babu Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yar da ƙanwata Hajara ta haifa ba, kuma ko na so in manta, mutanen Karaye ba za su bar ni ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ni kuma na sayi wani ƙaton babur na hannu, irin na doguwar tafiya, ina ji da shi kamar ni na ƙera shi.

Sunan Innarmu za a sa wa jaririyar, don haka ta ƙudurta sai ta je ta ɗauki takwararta. Na ce ni zan kai ta. To, ni ne ɗan fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta haɗa ido da ni, in za ta aike ni ma sai ta bi ta bakin ƙannena. Da ƙyar Baba ya lallashe ta ta yarda.

Da safe na ɗauko famfo na hau dura wa tayoyi iska. Wani abokina ne ya ce mini taya mai tauri ta fi gudu, kuma ba ta shan mai (Allah ya yafe masa, ni dai har yanzu da saura). Na yi ta bugawa har taya ta koma kamar dutsen niƙa. Na latsa da yatsa, ko motsi. Na ce madalla.

Inna ta hau a kaikaice, ta riƙe ƙarfen kariya na bayan babur maimakon ta riƙe ni. Daga garinmu Jega zuwa Maiyama babur sai tsalle yake, kowane ɗan rami sai na ji shi har haƙorana. Na ce, "Inna, lafiya dai?" Shiru. Na ɗauka daɗi take ji, na ƙara wuta.

Da muka saki kwalta muka shiga rairayi, ya kamata in tsaya in rage iska. Ina! Taya ta yi ta zamewa, babur na wutsil-wutsil, ni kuma na duƙufa ina kokawa da kan babur ɗin. Haka na shiga Karaye ina danna oda, na tsaya a ƙofar gida gaban dattawa, na ce cikin isa, "Inna, sauka, mun iso."

Baffan mijin Hajara ya leƙa bayana, ya dube ni. "Kai yaro, da wa kaka magana?"

Na waiwaya. Wayyo Allah! Babu kowa sai ƙullin kayan barka.

"Inna ce… tare munka taho."

"To ina ka baro ta?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na juya a guje. Can wajen gonakin albasa na same ta zaune a gindin itace, ta tallafe hannun dama, wasu mata na karkaɗe mata zane. Ɗaya ta ce, "Mun ce ta yi kiranka, ta ce ba ta iyawa."

Hannun ya karye. Maimakon gidan suna, Aliero aka wuce da ita wurin mai ɗori, a bayan motar albasa. An raɗa suna, an ci, an watse, Inna ba ta ɗauki takwararta ba.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ta bayan zana na ji tana gaya wa Baba, "Tun Jega ƙashina ka bugawa, Malam. To mi zan ce mishi?"

Yanzu kafin in tayar da babur sai na kai shi wurin mai faci ya gwada iska daidai da kaya da hanya, ba na ƙara ko kaɗan. Na kuma gane cewa in wanda ka goya ya yi shiru, ba lallai daɗi yake ji ba, tsayawa ake a duba. Sai dai na makara da koyo. Har Allah ya karɓi ran Inna, ba ta sake hawa bayana ba.