Ranar da Kwamfuta Ta Amsa Sallama a Haɗeja

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama kwamfuta ba, kuma ko na so in manta, mutanen Haɗeja ba za su bari ba.

A tsakiyar shekarun casa'in abin ya faru. Lokacin na dawo daga Kano da takardar shaidar koyon kwamfuta. Kwas ne na 'yan watanni, amma yadda nake taku a gari sai ka rantse ni na ƙirƙiro wutar lantarki. Har riga na sa aka ɗinka mini mai aljihu a ƙirji, don kawai faifan kwamfuta ya riƙa leƙowa daga ciki (babu komai a kan faifan). Abokai suka laƙaba mini Injiniya don zolaya, ni kuwa na karɓa da hannu biyu.

Wani ƙaramin ofishi mai kula da harkar fadama ya ɗauke ni aiki na gwaji. Suna so a yi wa manoman rani da masunta da makiyaya wani shiri a kwamfuta, wanda mutum zai zo ya danna ya ga inda ruwa ya kai, da inda aka buɗe wa masu su, da burtalin da shanu za su bi ba tare da sun faɗa shinkafar wani ba. Ita kwamfutar ba ta ma iso ba, tana hanya. Sharaɗin kuwa a fili yake: in shugabannin ƙungiyar manoma sun ce suna so, aiki nawa ne. In sun ce ba sa so, a wuce da kwamfutar Dutse, ni kuma in koma shagon yayana in ci gaba da auna wa mutane ƙusa a sikeli. Allah ya sani na tsani ƙusar nan.

Abokiyar aikina ita ce Malama Rahila, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta dawo ofishin, saboda haka ta iya zama da yara da kuma irina. Ni niyyata in kulle kaina a ɗaki in rubuta shirin gaba ɗaya, in fito da shi a kammale a yi mini tafi. Ita kuwa ta ce ba haka ake yi ba.

"Injiniya, kar ka wahalar da kanka," in ji ta. "Zana kowane shafi a takarda, mu kira mutanen su taɓa mu gani. Inda suka rikice, mu yage mu sake zanawa nan take. Gyaran takarda ba ya cin komai. In ka rubuta shirin tukuna, kowane kuskure sai ya cinye maka makonni."

Na yi ta gunaguni cewa ni ba zane na je Kano koyo ba, amma na zana. Kuma gaskiyarta ta fito tun a zaman farko. Wani masunci daga wajen Baturiya ya ƙura wa kifin da na zana ido ya daɗe, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko takalmi ne. Da na ce kifi ne, sai ya ce to wane iri, don bai taɓa kama mai kama da wannan ba. Na yage, na zana tarwaɗa da gashin bakinta, nan take ya gane. Wani makiyayi ya ƙi taɓa hoton saniyar da na zana, wai saniya ba tozo ai ba tamu ba ce, kuma shi ba zai nemi labarin shanun wasu ba. Jan maɓallin da na rubuta wa "fita" kuwa ba wanda ya yarda ya kai hannu kusa da shi. Kafin la'asar mun gyara abubuwan da da sai na yi wata uku ina taƙama da su kafin in san shirme ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Mutanen ba su ɗauki abin da daraja ba. Ganin takardu a kan tebur, sai suka ɗauka wasan yara ne. Wani dattijo ma ya ɗauki shafin farko na shirin, wanda na fi ɓata lokaci a kansa, ya ƙunshe goronsa a ciki ya yi gaba. A nan ne basira ta zo mini (tun daga lokacin nake jin tsoron basirata).

Na samo kwalin firji, ƙato, na shafe shi da fenti ruwan toka. Na yanke taga a gaba, na liƙa mata farar leda mai ɗauke ido. A ƙarƙashin tagar na huda ramuka, na zura karan dawa a kowane, na manna murfin kwalba a bakinsa ya zama maɓalli. Dabarar ita ce ni in zauna a ciki. In aka danna maɓallin noma, kara ya zungure ni a gwiwar dama. In na kiwo ne, gwiwar hagu. In na kifi ne, a ciki, daidai cibiya. Da na ji zungura, sai in zaro takardar da ta dace in saka a taga. Har ƙaramar rediyo na shigar wadda ba ta kama kowace tasha, don ta riƙa ba da ƙarar inji.

Malama Rahila ta zagaya kwalin, ta ce dabara ce mai kyau, masu wannan sana'a ma suna yin irinta. "Amma fa ka gaya musu akwai mutum a ciki."

Na ce in sun sani ba za su saki jiki ba, gwajin zai lalace. Haka na ce mata. Gaskiyar magana ita ce ina so ko sau ɗaya in ga an yi mamakin abin da na haɗa.

Ranar gwajin ta zo cikin bazara, irin zafin Haɗeja da ke sa ƙadangare neman inuwa. Tun kafin hantsi na gane ba a zama cikin kwali da riga mai aljihu. Na tuɓe, na rage daga ni sai singileti da gajeren wando, na shiga da kwanon fura. Manoman da muka gayyata suka zo suka danna, ina ta saka takardu, Malama Rahila na lura da inda suke tsayawa. Komai na tafiya daidai, sai na ji ƙarar mota a waje, da muryoyi da yawa.

Alhaji Buba ne, shugaban ƙungiyar, mutumin da bakinsa ne zai yanke ko aiki ko ƙusa. Asalinsu makiyaya ne, amma ya daɗe da zama a gari, yana noman shinkafa yana kuma riƙe da garkensa. Aminin marigayi babana ne, shi ya yanka ragon sunana. Ba mu gayyace shi ranar ba. Labari ne ya kai masa cewa kwamfuta ta iso, shi ne ya kwaso dattawa har daga Birniwa suka taho ganin ido.

Ta wata 'yar huda ina hango Malama Rahila ta tare shi. "Alhaji, ai wannan gwaji ne kawai, a ciki akwai..."

Na zura hannu ta ƙasan kwalin na daki ƙafarta.

"Mun sani, Malama," in ji Alhaji. "A ciki akwai ilimi."

Sai ya tuɓe takalmansa. Wallahi ya tuɓe. Ya tattara babbar rigarsa, ya durƙusa a gaban kwalin firji, ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum."

To ni dai a gidan da na tashi, yaro bai isa babba ya yi sallama ya yi shiru ba. Mahaifiyata ta dasa mini wannan da ludayi tun ban san hagu da dama ba. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce kul, bakina ya riga ya gama aikinsa.

"Wa alaikumus salam."

Rediyota dai na ta shuuu. Wani dattijo ya ja da baya har ya taka na bayansa. Na ji Malama Rahila ta ce "Wayyo Yesu" a hankali, ta cusa gefen ɗankwalinta a baki.

Alhaji kuwa ko gezau. Mutum ne da in ya fara gaisuwa sai ya kai ta ƙarshe.

"An zo lafiya?"

Yanzu kuma in yi shiru? Na maƙale murya ta hanci, yadda nake zaton inji zai yi magana. "Lafiya lau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya baƙunta? Ya zafin garin namu?"

"Da godiya." (Gumi na ɗiga daga haɓata cikin furar.)

"Ina iyali?"

"Suna lafiya."

Alhaji ya juya ya dubi jama'arsa, fuskarsa cike da gamsuwa. "Kun ji ko? Wannan ba irin kayan da ake kawo mana ba ne. Wannan ta san mutane."

Daga nan layi ya kafu. Kowane dattijo sai ya gaisa da kwamfuta tukuna kafin ya danna, kuma dannawar manomi ba irin ta ɗan boko ba ce. Hannun da ya saba da fartanya ne. Duk wanda ya nemi labarin kifi, sai na ji karan ya nemi fita ta bayana. Ina cije leɓe ina saka takardu. Can wani ya ga cewa tunda tana magana, dannawa ɓata lokaci ne, sai ya tambaya kai tsaye yaushe ruwa zai sauko fadamarsu bana. Ba ni da takardar wannan. Sai na ce, "Allah ne masani."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. "Na'ura mai tauhidi!" in ji wani. Wani kuma ya ce ya san ba Turawa kaɗai suka haɗa ta ba, dole da hannun malamai a ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokacin daɗi nake ji. Cibiyata na zogi, ƙafata ta yi sanyi, amma a raina cewa nake na rabu da ƙusa har abada. Ina cikin wannan murna na ji Alhaji ya ce:

"Yau kasuwar Kafin Hausa take ci. Abu irin wannan ba a ɓoye shi a ofis. Ku ɗauko ta a sa a mota, jama'a su gani."

Malama Rahila ta ce, "Alhaji, don Allah a tsaya..." Ba wanda ya saurare ta. Ni kuma a lokacin ne na tuna cewa kwalin nan ba shi da gindi, ta ƙasa na shiga.

Majiya ƙarfi suka kewaye ni. Alhaji na ta jan kunne a yi a hankali, kayan ilimi nauyi gare su. Suka ɗaure ɗamara, suka yi bismilla, suka haɗa ƙarfin da za a ɗaga buhunan shinkafa da shi, suka ɗaga. Kwali ya tashi sama kamar hula, saura kaɗan ya daki fanka.

Ni kuwa ga ni nan a tsugune a tsakiyar ɗaki. Singileti ya jiƙe sharkaf, gajeren wando, kwanon fura tsakanin ƙafafu, rediyo a gefe, hoton saniya mai tozo ya manne mini a ƙirji da gumi. Dattawan Birniwa suna kallona, ina kallonsu. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Sai na ce, har yanzu da muryar hancin nan don na manta in sake ta:

"Sannunku da zuwa."

Alhaji Buba ya daɗe yana dubana. Ya dubi takalmansa da ke bakin ƙofa, ya sake dubana.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Kai na durƙusa wa?"

"Baba, a yi haƙuri."

"To tsaya. Da na ce ina iyali, ka ce suna lafiya. Wane iyali? Kai da ko akuya ba ka ajiye ba?"

Wanda ya fara fashewa da dariya shi ne wanda ya ce na'ura mai tauhidi. Daga nan ɗaki ya rushe. Har masu riƙe da kwali sai da suka ajiye shi suka riƙe ciki. Ni dai na naɗe hannu a ƙirji ina neman inda na jefa rigata.

Malama Rahila ce ta cece ni. Da aka lafa, ta shimfiɗa takardun a tebur, ta nuna wa Alhaji tsohon kifin da sabon, da saniyar farko da ta biyu. Ta ce duk wannan wahalar don kada a kawo musu abin da ba za su iya amfani da shi ba ne, gara a yi kuskuren a kwali. Alhaji ya saurara yana taunar goro. Ya ce maganarta ta yi ma'ana, kuma shi bai ga laifin kwali ba, laifin na cikinsa ne. Aiki dai za a ba ni, amma da sharaɗi, kuma sai kwamfutar gaske ta iso zan ji shi.

Da ta iso, shirin ya yi aiki lafiya, don duk shirmen mun riga mun zubar da shi a takarda. Na ma sa shafin farko ya riƙa nuna sallama da manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Amma dattijon farko da ya zo ya yi mata sallama da baki, ya jira, ya sake yi, ya ji shiru, sai ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce waccan ta farkon ta fi tarbiyya.

A nan Alhaji ya faɗi sharaɗinsa. Ya sa aka ajiye mini kujera a gefen kwamfutar. Duk ranar da manoma suka zo, ni ne mai amsa mata gaisuwa, daga sallama har ina iyali. Haka na yi ta yi har ruwa ya janye daga fadama, da takardar shaidata ta Kano da komai.

Abin da na koya shi ne, gwada abu da wuri a kwali da takarda ya fi komai sauƙi, kuma har gobe haka nake aiki. Sai dai ka gaya wa mutane gwaji ne tun kafin su tuɓe takalmi. In kuwa taurin kai ya sa dole sai ka shiga ciki, to don girman Allah ka shiga da dogon wando.