Ranar da Na Kama Ɓarawon Kiɗana

Ko zan manta da komai a sana'ar nan, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kama ɓarawon kiɗana a gaban dangi da surukai. Duk sanda na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni mai haɗa kiɗa ne a kwamfuta, irin wanda ake kira haus: ganga tana bugawa dum-dum-dum ba tsayawa, babu mawaƙi babu baiti, kai kuma kana ta jera sautuka a kai har jikin mutum ya motsa ba da izininsa ba. A Potiskum wannan ba sana'a ba ce da za ka faɗa da ƙarfi in ka je neman aure. Babana, wanda yake saro wake da riɗi daga Gadaka, bai taɓa kiranta da sunanta ba. In ya wuce ta ƙofar ɗakina a Dogo Nini sai ya ce, "Har yanzu dakan ake yi?" ya yi gaba abinsa.

Sannan Allah ya yi ni da zargi. Mutum ya yaba kiɗana, na ce so yake ya sace. Ya kushe, na ce ya riga ya sace yana ɓatar da sawu. Shi ya sa kowane kiɗa na haɗa sai na ɓoye wata alama a ciki. A wanda na fi ji da shi, kara na je ranar kasuwar shanu na naɗo kukan wani ƙaton sa da wayata, na ja shi na lanƙwasa, na binne shi a ƙarƙashin ganga. Na gwada kiɗan a lasifikar ɗakina, na gwada a 'yar rediyon Inna, na faki idon Baba na gwada a tsohuwar motarsa, domin mu a wurinmu kiɗan da bai yi daɗi a mota ba bai nuna ba tukuna. Niyyata in aika shi wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje, su kuma ba sa karɓar abin da ya riga ya zaga gari. Mutum ɗaya na yarda ya saurara: Modu, abokina tun muna firamare, wanda yake DJ a gidajen biki.

Wata rana da hantsi na fito, sai ga Malam Adamu, dillalin wake daga Gadaka, zaune a dakalinmu yana jiran Baba. Dattijo ne mai furfura, amma yana buga gwiwarsa da yatsu yana wani ɗan gunji a maƙogwaro. Na tsaya cak. Kiɗana ne. Da ya zo daidai wurin sai ma ya ce "muuu" a hankali.

Na ce, "Baba Adamu, a ina kuka ji wannan?"

Ya ce, "Wallahi ɗana, abin ne ya shige mini kai ya ƙi fita." Kafin in ƙara tambaya Baba ya fito, suka shiga mota suka tafi.

Nan take na gama lissafi. Matar Modu 'yar Gadaka ce. Me kuma ya rage? (Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi dillalin wake ya shiga wayar matar aure ba. Mai zargi ba ya son tambayar da za ta ɓata masa aiki.) Na bi rumfunan masu tura waƙa a kasuwa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya a kaikaice ko sun sami sabon kiɗa mai kukan sa. Wani ya dube ni sama da ƙasa ya ce in gwada kara. Rashin samun nan ma na ɗauke shi hujja: wato Modu ya ja musu kunne. Na daina ɗaga wayarsa. In mun haɗu ya yi murmushi, na ce dariyar cin nasara ce. In ya ɗaure fuska, na ce kunya ce take cinsa. Abin yana ci na sosai, don ina ƙaunar Modu, kuma da gaske na yarda ya cuce ni.

Ana cikin haka aka zo bikin yayana. Liyafar la'asar aka shirya a Yerimaram, kuma Modu aka ɗauka ya sa kiɗa. Baba yana kujerar gaba da babbar riga, surukai na gefensa, an jera musu lemo. Ni ina can baya na harɗe hannu, idona a kan Modu kamar mai gadin rumbu.

Ango da amarya suna shigowa sai na ji ganga ta tashi. Dum-dum-dum. Kafin ƙaton san nan ya yi kuka na riga na tsallake kujeru, na ture wata baiwar Allah da farantin shinkafarta. Na fizge wayar lasifika, wuri ya yi tsit, na mayar da ita don in sami abin magana (kun ga ko a cikin hauka akwai tsari), na karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa.

Na ce, "Jama'a ku gafarce ni. Kiɗan nan nawa ne, sace shi aka yi! Kuma ɓarawon yana cikin wurin nan. In yana da sauran kunya ya miƙe tsaye!"

Ina faɗa ina nuna Modu da haɓa. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, ya ɗaga wani ɗan jan filashi sama, irin wanda ake tura kiɗa a ciki, yana cewa, "Mutumina, tsaya mana, tsaya ka ji." Filashin ya yi mini kama da wanda na sani.

Sai na ji an yi gyaran murya a kujerar gaba. Baba ya tattare babbar rigarsa ya miƙe a hankali.

Ya ce, "To, ga ni na miƙe."

Ashe ranar da na yi gwajin mota na bar filashin a jikin rediyon motar. Tun daga lokacin, da Baba ya tayar da mota kiɗan yake tashi, shi kuma bai san inda ake kashewa ba. Daga baya ya daina neman wurin kashewar. Da shi yake zuwa Gadaka da shi yake dawowa, Malam Adamu na kujerar gefe.

Baba ya juya ga surukai ya ce, "Yana hana ni gyangyaɗi a hanya. Duk wanda na ɗauka sai na ce masa ɗana ne ya yi. Ni na ba wa Modu na ce ya sa wa amarya, don ku ma ku ji." Sannan ya dube ni. "Ban san sata na yi ba. Kawo abin maganar in ba da haƙuri."

Na so ƙasa ta tsage. Wata gwaggon amarya ta fara ƙyaƙyata dariya, wurin duka ya ɗauka. Ni kuwa ga makirfo a hannu, ga hawaye ya cika mini ido, don ban taɓa jin Baba ya ce "ɗana ne ya yi" a kan wani abu nawa ba, sai ranar da na kira shi ɓarawo.

Washegari na je gidan Modu na durƙusa. Ya bar ni na gama kame-kamena tas, sannan ya ce ya yafe, amma ya sa kukan san nan a matsayin ƙarar kirana a wayarsa, kuma har yau bai cire ba. Kamfanin kuwa na aika musu, ko amsa ba su ba ni ba.

Yanzu in zargi ya taso mini, kafin in nemi makirfo sai na fara laluba aljihuna in ga me na yar da kaina. Baba dai har gobe in ya wuce yana cewa, "Har yanzu dakan ake yi?" Sai dai yanzu yakan ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "In ya nuna, a sa mini a mota."