Ranar Da Lasifika Ta Kai Ƙarata Wurin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Nasiru a Shagari ba, ko da tsufa zai kwashe min sauran tunanina kaf.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, amma a lokacin na fi ɗaukar kaina masanin ƙwallo (ban taɓa buga wasan da ya wuce na bayan makaranta ba). Ana gab da fara gasar kofin Afirka aka kira wani sabon gola da ba wanda ya san shi cikin tawagar ƙasarmu. Na ɗauki waya na tura saƙon murya a zauren abokanmu, na yi wa bawan Allah wankin babban bargo. Na ce kwando ne, ko kankana aka mirgino masa sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Da daɗin baki ya kwashe ni, sai na tsoma Alhaji a ciki, mahaifin Hadiza da nake nema, dattijon da ciwon gwiwa ya sa ba ya rabuwa da sanda.

To, gasa ta yi nisa, aka kai ga bugun fanareti, kwandon nan ya tare har biyu. Kafin gari ya waye ya zama gwarzon ƙasa, yara na ta liƙa hotonsa a babura. Ni ma na bi sahu ba kunya ba tsoron Allah.

Ranar walima, bayan la'asar, muna zaune a ƙarƙashin rumfa. Alhaji yana sahun dattawa, domin kawun ango ne. Na ci sabuwar shadda, na shirya in burge. Hira ta gangaro kan ƙwallo, na gyara hula na sanar da jama'a cewa ni tun ranar farko na hango yaron nan zai yi abin kirki, ido ne Allah Ya ba ni.

Bello, ɗan zauren namu wanda wayarsa ce a jone da lasifika, ya ce bari a ji daga bakin mai ita. (Ya rantse min daga baya cewa ya manta ƙarshen saƙon. Har yau ban yarda ba.)

Muryata ta karaɗe unguwa. Aka yi dariyar kwando, aka yi ta kankana, ni ma ina yaƙe ina yi wa Bello alama ya kashe. Sai ga shi tar:

"Wallahi ko Alhajin su Hadiza, da gwiwar tasa da sandar tasa, ya fi golan nan tsalle!"

Alhaji ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tako a hankali har inda nake. Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba, ina ta jero "Allah shi ba ka haƙuri, Baba."

Ya dube ni ya ce, "Kai na kac ce na hi shi tsalle? Gaskiya kaf faɗi. Ni nit tsare ragar garin ga ina saurayi, can nib baro gwiwar." Dattawa suka tuntsire, wasu na shaidar sun ga zamanin. Ya ƙara da cewa, "Wancan yaro ya wanke sunanai da wasa guda. Kai kau, sai mu ga naka."

Nawa wasan ya ɗauki damina sukutum. Hadiza ta daina ɗaga wayata, sai da na yi ta sintiri tsakanin Bodinga da Shagari da rakiyar kawuna kafin aka sa rana.

Yanzu in aka tambaye ni ra'ayina kan ɗan wasa, ko ƙwallo ya jefa a ragarsu, cewa nake yi yana da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira.