Garaya a Kan Kujerar Roba

Tun da na fara kaɗa garaya a ƙofar gidanmu a Gaya, a ƙasa nake zama, in tanƙwashe ƙafa, in ɗora ta a cinya. Amma ranar bikin abokina Sabi'u a Gafasa ta ƙasar Ajingi, sai na ga ai na wuce nan. Na sha babbar riga ta shadda, sitati har ƙara yake. Da ƙanin ango ya shimfiɗa mini tabarma, na dube shi sama da ƙasa na ce, "Kai, kawo kujera. Makaɗan zamani ba sa zaman ƙasa."

Ya kawo ta roba mai hannu. Ina zama, gwiwar hannuna ta rasa wurin motsi. Na ɗora garayar a cinya, ta zame a kan shadda. Na tare ta da tumbi, hannun riga ya faɗo kan tsirkiya. Sautin da ya fito, akuyar da ke ɗaure a gefe ce kaɗai ta amsa.

Ban karaya ba. Na ɗaga ƙafa don in tokare ta, na jingina baya. Kujerar ta baje, sai ga ni a ƙasa, hula a gefe, garaya a ƙirji.

Baffan ango ya ce, "Madalla, ya iso mazauninsa. Kaɗa mana yanzu, ɗana."

Har yau, ko ɗaurin aure na je Ajingi, da na doshi kujera sai wani ya janye ta ya ce, "A kawo wa makaɗin zamani tabarma."