Ragon Binciken Hauwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da malamin Hauwa ya zo gidana a Mai Wurno. Hauwa 'yar ƙanena ce, tana karatun likitancin dabbobi a jami'a, kuma da ragunana take binciken kammala karatunta. Tana yi musu allurar maganin tsutsar ciki, tana ɗibar jininsu, don a ga yadda maganin ke barin jiki.

Ni mutum ne mai tsari (a gida ma tsorona ake ji saboda wannan). Da ta ce ta yi allurar ƙarshe, na ɗauka aiki ya ƙare. Da ta ce malamin nata, Duktur, zai zo, na bi abin da na gada: da farko a share zaure, sannan a shimfiɗa tabarma, sannan a yanka wa baƙo mafi kyawun abin da ke garke. Na zaɓi farin ragon da ya fi ƙiba. Ban tambayi kowa ba.

Hauwa ta tarbo shi daga garin Sinnar. Aka kawo kisra, wato wainarmu ta dawa mai faɗi, da nama, ina ta tura masa tsoka gabansa. Ya ci, ya yi hamdala, ya ce, "Ya Hajj, yanzu a kai mu wurin farin ragon. Jininsa na yau ne ya rage a ɗiba, kuma shi kaɗai aka ba cikakken magani."

Na dubi tire. Hauwa ta dube ni, ta dubi ƙasusuwan.

"Baba, wane rago aka yanka?"

Ni da ba a taɓa yi wa tambaya sau biyu a gidan nan ba, sai da ta maimaita. Na nuna tiren da yatsa.

Duktur ya daɗe yana goge hannu. Ya ce naman ba zai kashe mu ba, sai dai binciken a sake shi tun daga farko, kuma Hauwa ba za ta fita tare da 'yan ajinsu ba. Ba ta yi kuka ba. Kwanuka ta kwashe, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Na ba ta garken duka ta sake. Na kuma ƙara mataki ɗaya a tsarina: kafin share zaure, a tambayi Hauwa. Yanzu ko kaza zan yanka, sai na yi waya jami'a.