Hoton Farar Ƙasa

Shekarar da ɗalibaina za su gama elemantare a Azare, na dage sai hoton bankwanansu ya fito komai fari. Na sa su fararen riguna, na shafe bangon aji da farar ƙasa.

Hedimasta ya ce, "Malam, farin bai yi yawa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsari ke nan."

Hoton ya iso daga Kano bayan yaran sun watse. Rigunan sun saje da bango, kawuna ne kawai a jere. Wani uba daga Gadau ya duba ya ce, "Ina sauran ɗana?"

Duk yaran da na koya wa karatu an manta. Amma har yau in na tunkaro majalisa, masu fararen riguna sai su matsa daga jikin bango.