Ranar da Na Mayar da Kwamfutocin Sunday Iri Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na yi wa Sunday. Da mutum na iya goge aikinsa na baya, da wannan zan fara gogewa.

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba na ajiye keken ɗinkina. Na haɗa kai da Sunday, wani ɗan kudu maƙwabcina a Tarauni, muka buɗe shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi. Ni ke da shago, shi ke da ilimin. Kwamfutocinmu tsofaffi ne 'yan gwanjo, sai ya ɗora musu Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma kyauta ce. Abin da ya dame ni shi ne Linux ɗin iri-iri ce, kowace kwamfuta da irin da ya sa mata. Da ƙyar na koyi ta kwamfutar da ke bakin ƙofa. In na zauna gaban wata sai in tarar komai ya canja wuri, in yi ta lalube mutane na kallona (ni da karatuna ya tsaya a firamare).

Maimakon in ce ban iya ba, sai na ɗora wa manhajar laifi.

"Sunday, abin da ya rabu gida-gida kamar jam'iyyun nan, ina zai yi ƙarfi?"

Ya yi dariya. "Baba Tela, awo ɗaya kake yi wa yaro da babansa? Waccan tsohuwar ba za ta iya ɗaukar babbar riga ba, shi ya sa na ba ta marar nauyi."

Na ji, amma ban yarda ba. Yana tafiya garinsu Kirsimeti na ɗauko wani mai gyara daga Unguwa Uku, na ce ya mayar da su duka irin ta bakin ƙofa. Ya tambaya ko akwai aikin da za a adana. Cikin isa na ce ya share komai.

Washegari Hajiya Binta ta Darmanawa ta zo da ƙawayenta karɓar katin bikin ɗanta. Sunday ya riga ya tsara shi a tsohuwar kwamfutar, bugawa kawai ya rage. Na gyara hula, har da ce musu yanzu shagon ya samu tsari. Na kunna. Tsohuwar ta yi ta gurnani kamar za ta tashi, ta kasa. Da ta buɗe daga baya, babu kati babu alamarsa. Na ce wuta ce ba ta da ƙarfi (fanka kuwa na ta juyawa a kanmu).

Hajiya ta kalli fankar, ta kalle ni.

"Malam Tela, da dai kan kekenka ka zauna."

Ƙawayen suka rufe baki da mayafi. Suka tsallaka titi wani shagon.

Da Sunday ya dawo na shirya wa faɗa. Bai yi ba. Ya zauna ya mayar wa kowace irin nata, sannan ya ce, "Baba, da ka ce min ba ka gane ba, ai da na koya maka."

Tun daga ranar bai ƙara tsokanata ba, sai gaisuwa da aiki. Damina ba ta ƙare ba ya koma Fatakwal, lambarsa ma ta ɓace min. Yanzu in na wuce shagon (ya zama na cajin waya) sai in ji kamar zai leƙo da kofin shayinsa yana min dariya. Ban taɓa ce masa ya yafe ni ba.

Yawan irin bai taɓa hana mu cin abinci ba. Ni ne na ji kunyar tambaya. In kun ga abu ya bambanta da wanda kuka saba, don Allah ku jira mai shi ya dawo ku tambaye shi.